Gonar da Muka Share a Ɗan Isa

Tun da na dawo daga Zamfara ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Fagge kowa da irin tasa. Wannan ya ce ko na ga 'yan bindiga, wancan ya ce me ya sa na yi baƙi na rame, Inusa mai shayi kuwa so yake ya ji ko da gaske ne ɗan gayu irina ya kwana a ɗakin da babu fanka. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kuma na lura duk sanda na ba da shi da baki sai in tsallake wurin da ban fito da kyau ba. Shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin.

Ga wanda bai sani ba, ina aji uku a jami'a, fannin noma da tsarin abinci mai ɗorewa. Kafin tafiyar nan iyakar gonata bokiti uku ne na tumatir a bayan shagon ɗinkin babanmu, su ma biyu akuyar maƙwabta ta gama da su. Amma a aji babu mai kai ni baki. Malamarmu, Dakta Rakiya, ita ta kafa doka cewa babu mai wuce aji uku sai ya yi sati shida a gidan manomi na gaske, ya ci abin da suke ci, ya yi aikin da aka sa shi, sannan ya yi aiki guda na kansa wanda zai rubuta rahoto a kai. Mu huɗu aka tura Ɗan Isa, kusa da Ƙaura Namoda, aka ce ni ne shugaba, aikinmu kuma haɗa taki a rami. Hajiyarmu da ta ji sunan jihar sai da ta kwana biyu ba ta kula ni ba, daga baya ta cika mini jaka da ƙuli-ƙuli ta bi ni da addu'a har bakin titi.

Muna idar da asuba muka tashi, don hanyar ba a binta in rana ta yi sanyi. Har Funtuwa motar cike take da surutu, ni ne ma kan gaba. Muna wuce Tsafe direba ya kashe rediyo, babu wanda ya ce a yi shiru, amma kowa ya yi. A wani shinge soja ya leƙo ya tambayi su wane ne mu. Direban, mutumin Ƙaura ne, ya ce, “'Yan makaranta na, noma za su koyo.” Sojan ya dubi fararen takalmana, ya dube ni, ya yi dariya ya ce mu wuce. Abokina Murtala, wanda ɗan manomi ne daga Gwarzo kuma ba ya son yawan magana, ya ce dama ya gaya mini in sa silifa.

A Ƙaura muka ci abinci kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo ya ƙare. Nan na fara haɗuwa da hoce, wani abin garin dawa da ake gasawa, mai ɗan tsami. Ni da na saba da gurasa mai laushi na kai masa cizo da ƙarfin hali, sai da na ji haƙorina ya amsa. Mai sayarwar ta ce, “Ɗan Kano, jiƙa shi akai cikin miya.” Kafin in bar Zamfara ni ke aika a sayo mini.

Mai masaukinmu Baba Mande, dattijo ne gajere da ya haura saba'in. Bai tambayi sunayenmu ba sai da ya karɓi tafin hannun kowa ya shafa. Da ya zo kaina ya ce, “Wanga hannu alƙalami ɗai ya sani.” Ya sauke mu a shagon ƙofar gida, mu da buhunan gyaɗa da wata kaza da ta ga jakar Murtala ta fi akurki daɗin ƙwai. Matarsa, Inna Kulu, ita ke ciyar da mu: kunu da safe, fura da rana, tuwon dawa miyar kuka bayan magariba. Abu biyu suka ba ni mamaki a garin. Mu a Kano gaisuwa a tafe ake yinta, a can kuwa sai an tsaya an tambayi gajiya da gida da yara da bisashe, wato dabbobi, ɗaya bayan ɗaya. Amma duk tsawon gaisuwar nan babu mai tambayarka ina za ka ko yaushe za ka dawo. Shekarun da suka wuce sun koya musu kame baki, har a kan abin da bai kai a ɓoye ba.

Sati ukun farko yankan dawa muka yi, da ɗaurin dami, da roron wake, da kai amfani rumbu. Hannuna ya yi ruwa, ya fashe, ya yi kanta. Na kuma ga abin da ya ɗan rage mini baki. Haɗa dawa da wake a kunya ɗaya, wanda muke da dogon suna na Turanci a kansa har ana ba mu maki in mun faɗa daidai, Baba Mande yana yinsa tun kafin a haifi Dakta Rakiya. Ya san wace kusurwa ce ke riƙe ruwa da wadda ke zubarwa ba tare da ya auna komai ba. Duk da haka ina nan da tunanina cewa akwai inda ya kasa, kuma ni ne zan gyara.

Wurin da na ga ya kasa ɗin wata gonarsa ce a gabas da gari, a bakin burtali, hanyar da shanu ke bi. An cire zangarniyar dawa, amma karan yana tsaye da ganyensa, ga yaɗon wake a ƙasa ba a kwashe ba. Duk gonakin da ke kewaye da ita an share su, wasu an ɗaure karan an kai gida, wasu an cinna wuta. Ita kaɗai ce a hargitse. Na ce, “Baba, wannan fa, yaushe za mu shige ta?” Ya ce, “Wagga ba yanzu ba.” Na ɗauka ƙarfi ne ya gaza, yana jin kunyar faɗa.

A sati na huɗu aka yi masa rasuwa a Zurmi, mijin ƙanwarsa. Shi da Inna Kulu suka tafi, suka bar mu a hannun surukarsu. Kafin ya tafi ya nuna mana wani fili a bayan gari ya ce mu haƙa raminmu a nan. Muka haƙa, muka tara toka da kashin awaki da sharar gida, sai ga shi ko rabin ramin ba su cika ba. Abin da littafi ya ce a zuba shi ne ragowar amfanin gona, ga kuwa gona guda cike da shi tana kallonmu. Na ce mu jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, mu cika raminmu mu kuma hutar da tsoho. Murtala ya ce, “A garinmu in ka ga dattijo ya bar abu, akwai dalili. Mu jira shi.” Na ce dalilin tsufa ne, kuma ai ni aka ba shugabanci. Kwana uku muka yi muna sara, muna daddatsawa, muna jida a ka. Muka jera kara da toka da kashin awaki hawa-hawa, muka yayyafa ruwa, muka rufe da ƙasa. Gonar kuwa muka bar ta fes, har da tsintsiya. Na tsaya a tsakiya aka ɗauke ni hoto ina riƙe da adda.

Washegari da hantsi maƙwabcin gonar, wani magidanci mai suna Lawali, ya same mu a bakin rami fuskarsa a sake.

“Sannunku da aiki, 'yan boko! Shekara nawa muna hwama da tsohon ga shi share gonag ga, ya ƙiya. Ku kwana ukku kun gama. Yanzu su ma sun gani da idonsu.”

Na ce, “Su wa?”

“Ja'e mana. Ya zo da sahe shi da ɗanai. Yat tsaya bakin gona yad diba, yar rataye wani abu ga gawo, yaj juya. Ko gari bai shigo ba.”

Na tambayi wane ne Ja'e. Lawali ya dube ni, ya gane ban san abin da na yi ba, sai murmushin ya ragu. Ya ce Bafillace ne makiyayi, abokin Baba Mande. Sannan ya faɗa mini nasa: an kore masa shanun huɗa biyu shekarar da ta wuce, an kuma riƙe ƙanensa a daji wata biyu, har yau ba ya barci sosai. “Ban ce Ja'e na ba, wallahi ban ce ba. Amma ni yanzu in na hangi sanda da malhwa, gabana hwaɗuwa shikai.” Ban iya ganin laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban iya ba.

Baba Mande ya dawo kwana biyu bayan haka. Labari ya riga mu isa gare shi, don ko gida bai shiga ba ya wuce gonar, muka bi shi a baya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya je gindin gawo ya sauko da wata ƙaramar ƙwarya da aka rataye cikin ragaya, ya buɗe faifan da ke kai, man shanu ne. Ya mayar ya rufe, ya zauna a ƙasa ya ce mu zauna. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi.

Ya ce abin tun daga iyayensu ne. Kowace kaka uban Ja'e yakan sauko da shanu daga arewa, su yi sati biyu ko uku a gonar, su ci kara da harawa, su bar taki. Makiyayi ya kawo man shanu, manomi ya ba shi damin gero. Da can duk garin haka ake yi. Da abubuwa suka lalace, kowa ya shiga share gonarsa da wuri don kada a sami dalilin tsayawa, Fulanin ma da yawa suka daina biyowa. Wannan gonar ce kaɗai ta rage.

“Ba ni da lambar wayatai, ba shi da tawa,” in ji Baba Mande. “Karan ga shi na maganarmu. In ya taho ya ishe shi tsaye, ya san ƙohwa buɗe take. In ya ishe an share, ya san mi anka ce mai.”

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na ce, “Baba, ni ne. Murtala ya hana ni.” Ya ce ya sani, kuma shi ma da nasa laifin tunda bai buɗe baki ya yi mana bayani ba. Da muka koma gida ya miƙa wa Inna Kulu ƙwaryar ya ce kada a taɓa. Jibi Alhamis ce, kasuwar Shinkafi, in Ja'e yana kusa can za a ji labarinsa. Na ce zan bi shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce to, amma ban da fararen takalman nan.

Kasuwar Shinkafi ta fi ƙarfin idona. Shanu, raƙuma, jakuna, mutanen Nijar da rawunansu, ana cewa kamiyo inda mu za mu ce babbar mota. Baba Mande ya bi dillalan shanu ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai an yi gaisuwar nan mai tsawo, ni kuwa ina tsaye kamar in yi tsalle. Wasu suka ce ba su san shi ba alhali daga fuskarsu ka san sun sani. Sai wani tsohon dillali da ya san Baba tun suna samari ya ja shi gefe ya ce Ja'e yana gaba da Jangeru, wajen iyaka, kuma in za mu je mu yi sauri don tsallakawa za su yi.

Muka hau kabu-kabu, mu uku a kan mashin ɗaya, ni a ƙarshe. Bayan Jangeru hanya ta zama rairayi zalla. Sau biyu muna faɗuwa, a na biyun wandona ya yage tun daga gwiwa, Baba Mande ya ba ni ɗan mayafin da ke kafaɗarsa na ɗaura. Ni a tunanina iyaka ƙofa ce da tuta da masu kaki. Abin da na gani busasshen rafi ne, sai can nesa wata rumfa da igiya a gicciye wadda mai mashin ya ce duwan ce, wato kwastan na wancan ɓangaren. Gero iri ɗaya ne aka girbe a nan da can. Da ba don wayata ta yi ƙara da saƙon Faransanci ba, da ban san mun kusa wata ƙasa ba.

Muka sami Ja'e a gindin wata aduwa, dogon tsoho siriri, tare da wasu tsofaffin shanu biyu da ɗan maraƙi da ba su iya doguwar tafiya. Da ya ga Baba Mande bai tashi ba, amma ya ajiye sandarsa. Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka tambayi gida da yara da bisashe, aka yi ta'aziyyar Zurmi. Babu wanda ya ambaci gona. Ni dai na kasa haƙuri, na durƙusa na ce, “Baffa, ni na share gonar. Baba ba ya gari. Ɗalibi ne ni, ban sani ba.” Na kwashe komai na faɗa masa, har da ramin.

Ya ce, “Kun bizne kara? Cikin rami?”

Na ce e.

“Don mi?”

“Don ya ruɓe ya zama taki.”

“Kwana nawa shika yi?”

“Wata uku, in ana juyawa ana ba shi ruwa.”

Ya juya ya dubi tsohuwar saniyar da ke tuƙa a bayansa. Ya ce, “Wagga kwana guda takan yi.” Mai mashin ya fashe da dariya, Baba Mande ma ya yi, ni ma na yi don babu yadda zan yi.

Da dariyar ta lafa Ja'e ya juya ga abokinsa. “Mande, da nit tsaya bakin gonag ga, abu biyu na raina ya ba ni. Ko ka mutu magada sun share, ko kana da rai ka bi mutane. Na ɗaga hannu in roƙi Allah, sai na rasa wanne zan roƙa cikin biyun.” Baba Mande ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

Na zaci shi ke nan an gyara, za a kora shanu a bi mu. Ashe mun makara. Garken ya tsallaka tun jiya tare da 'ya'yansa, wani manomi a can ya ba su gona. Kuma babban ɗansa Buba, wanda ya rako shi ranar, shi ne yanzu ke gaban shanu, ya daɗe yana cewa a daina biyawa ta Ɗan Isa. Ranar a bakin gonar abin da ya ce kawai shi ne, “Na hwaɗa maka, Baffa.”

“Ni na yarda,” in ji Ja'e, “don na ga Mande ya biyo ni har nan da tsuhwanai. Buba bai gani ba. Abin da yag gani gona ta shararriya. Zan hwaɗa mai, amma yaran yanzu ido sunka yarda da shi, ba kunne ba. In ruwa ya ƙahe can, kudu za su yi, ta burtalinku za su bi. In ya tsaya, to. In ya wuce, ba ni iya juya shanu.”

Mai mashin ya nuna rana, dole muka tashi don mu kai Ƙaura kafin la'asar ta yi nisa. Ja'e ya raka mu 'yan taku, ya ce mini in gaida malamanmu.

Washegari da sassafe na ji ana ɓarke-ɓarke a bayan gida. Baba Mande ne ke kwance darninsa, shingen karan da ya kare bayan gidansa. Ya ce mu ɗauko dagi. Muka jide karan zuwa gonar, ya ja layi a bakin burtali inda mai tahowa daga arewa zai fara gani. Ina haƙa rami, Murtala yana tsayar da kara uku-uku, sauran biyun suna cika ƙasa suna takewa. Na ce, “Baba, ai wannan ba shi da ganye, shanu ba za su sami abin ci ba.” Ya ce harawar da ke kan soronsa, wadda ya tara wa tumakinsa, ta shanu ce yanzu. Karan nan kuwa na Buba ne, don ya gani da idonsa.

Muna cikin yi Lawali ya biyo da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya. “Mande, busasshen kara kaka dasawa?” Baba ya ce, “Awo.” Lawali ya daɗe yana kallonmu, na zaci zai yi magana mai zafi. Sai ya dubi ramin da nake haƙawa ya ce, “Ɗan Kano, ƙara mai zurhi. Iska na kada shi in ka bar shi haka.” Ya wuce gonarsa.

Kwana biyu muka yi muna dasa abin da kowa ya san ba zai tsiro ba, kuma a duk sati shidan nan babu aikin da na yi da zuciya ɗaya kamarsa. Ramin takinmu kuwa ya yi kyau, surukar Baba ta ce har ya fara zafi yadda littafi ya ce. Rahoton na rubuta shi da komai a ciki. Dakta Rakiya ta karanta, ta sa na tsaya gaban aji na faɗa da bakina, ta kuma ce in manna hoton nan nawa mai adda a shafin farko. Na manna.

To ga amsar tambayar da kuke ƙarewa da ita kullum, ko sun dawo. Ban sani ba tukuna. Ranar da za mu taho na shiga yi wa Inna Kulu sallama na same ta tana soya man shanun Ja'e a ƙaramar tukunya. Na ce, “Inna, ba Baba ya ce kada a taɓa ba?” Ta ce ba ci za a yi ba. Ɗanyen mai ba ya jira, soyayye kuwa yakan kai shekara. Ta tace shi a kwalba, ta toshe bakin, ta ɗora a saman bango.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina kiran wayar Baba Mande. Mukan yi gaisuwarmu mai tsawo, gajiya da gida da yara da bisashe, yanzu na iya ta. Ba na tambayarsa ko sun zo, shi ma ba ya faɗa. Sai za mu yi sallama yakan ce, “Karanka na nan tsaye.” Jiya kuma na jiyo muryar Inna Kulu daga nesa tana cewa a gaya wa ɗan Kano kwalba na nan, ba a buɗe ba.